Sunan da Ke Gindin Jirgi

Shekara sha tara ina saɓar buhun riɗi
a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan.
Ƙeyata ta san nauyin ƙaro, ta san na soɓorodo,
amma ban taɓa ɗaga kai na karanta jirgi ba
sai ranar da injin ɗaga kaya ya tsaya cak,
muka fake a inuwar kwantena muna jiran mai gyara.

A gindin jirgin, da farin fenti da tsatsa ta ci,
an rubuta Baleta.
Jibrin mai ƙidayar buhuna, wanda ya taɓa boko,
ya ce birni ne a Malta,
ɗan tsibiri a cibiyar Bahar Rum,
wai in ka yi atishawa a gabashinsa
na yamma ne zai amsa maka.
Ya ce harshensu jikan Larabci ne da ya ɓata a ruwa,
burodi hubz, teku bahar,
ko ni, in na je, ba zan kwana da yunwa ba.

Ya miƙo wayarsa mai tsagaggen gilashi.
Na ga gidajen dutse launin zumar farar ƙaya,
na ga tagogin katako sun leƙo bisa lungu
irin waɗanda kakata ta ce ta gani a Sawakin
kafin gishiri ya kwantar da garin.
Ga kwale-kwale shuɗi da rawaya,
an zana masa ido biyu a goshi,
ga wani tsoho zaune, ba ya ɗauke da komai.
Shi na fi kallo.

Da la'asar na tare wani ma'aikacin jirgin
yana wanke riga a bokiti.
Na nuna masa sunan, na ce yaya garin?
Ya yi dariya har sabulu ya suɓuce masa.
Shekara shida yana kwana a bisa sunan nan
bai taɓa taka ƙasarsa ba.
Tuta ce kawai, in ji shi, da takarda.
Ashe har jirgin ma labari yake ji, kamar ni.

Haulatu mai jabana ta zuba mini da citta,
ta ce, kai da teku ke lasar ƙofar ɗakinka
wane teku kuma kake nema?
Na ce Bahar Maliya uban gidana ne,
ya san ni da gumi, ya san ni a sunkuye.
Ina son in tsaya gaban ruwan da bai san bayana ba,
in zura ƙafa, in yi shiru,
kada kowa ya ce mini saura buhu arba'in.

Ba ta yi dariya ba.
Ta ce, Mu'awiya fa?

Ɗan ƙanwata ne.
Ya bi ta Libiya damina uku da suka wuce,
muryarsa ta ƙarshe ta ce gobe za su shiga ruwa.
Uwarsa har yau ba ta kashe waya da dare.
Ruwan hoton nan ne, shi ɗin dai,
wanda masu hutu ke kwanciya a bakinsa.
Wani ya je masa da akwati da tabarau,
wani da jarka da addu'ar uwa.

Duk da haka ina da gwangwanin madara a ƙarƙashin gado,
ina jefa abin da ya ragu bayan ful da kisra.
Ni ta ƙofa nake son shiga, da hatimi a fasfo,
in ce hubz, in ga ko za a miƙo mini,
in zauna kusa da tsohon nan marar kaya,
in kofinsa ya kusa ƙarewa
in tambaye shi ko ya ga wani dogon yaro mai wushirya.

Mai gyara ya iso bayan magariba.
Muka cika cikin jirgin kafin asuba,
ya juya mana gindi, sunan yana ƙanƙancewa.
Na kakkaɓe riɗin da ya maƙale a gashina,
na koma layi.